Shin Ko Kun San? Muryoyin Da Ke Kawo Mana Wasanni A Rediyo

Daga Kucheri zuwa Tsafe, daga Gusau zuwa Bunguɗu, da wuya mutum ya wuce teburin mai shayi ko rumfar mai gyaran babur da yammacin Asabar bai ji wata murya daga akwatin rediyo tana bin ƙwallo ƙafa da ƙafa ba. Muryoyin mun san su, salon kowa mun haddace shi. Abin da ya rage shi ne sanin hanyar da masu wannan aiki suka biyo, da abin da ke ɗaukar hankalinsu idan an kashe makirufo. Filin wannan mako nasu ne, na gida da na ƙetare. Wanda ya bi mu har ƙarshe zai ga cewa sharhin wasanni sana'a ce ta ilimi da shiri, kuma ƙofarta a buɗe take ga ɗan kowa.

MAFARIN ABIN

Shin ko kun san cewa dambe ne wasan da aka fi ambata a matsayin na farko da aka watsa kai tsaye ta rediyo? Ranar 11 ga Afrilun 1921 tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta kawo damben zamani tsakanin Johnny Ray da Johnny Dundee. Wanda ya yi sharhin, Florent Gibson, marubucin jarida ne aka ɗauko aka zaunar a bakin fage.

Shin ko kun san cewa injiniyan lantarki ne ya fara sharhin wasan besbol? Harold Arlin ma'aikacin kamfanin Westinghouse ne, wato masu tashar KDKA. Da rana yana bakin aikinsa na kamfani, da dare yana magana a rediyo, har ranar 5 ga Agustan 1921 ya kafa wannan tarihi.

Shin ko kun san cewa BBC ta fara sharhin ƙwallon ƙafa kai tsaye ranar 22 ga Janairun 1927? A filin Highbury na Landan aka yi wasan, Arsenal da Sheffield United suka tashi 1-1. Mai sharhin, Teddy Wakelam, tsohon soja ne kuma tsohon ɗan wasan zari-ruga.

Shin ko kun san dabarar da aka yi a ranar don mai saurare ya gane inda ƙwallo take? Mujallar Radio Times ta buga zanen fili, ta raba shi gida takwas, kowane gida da lambarsa. Wakelam yana bayani, wani mutum na biyu a gefensa yana kiran lambar gidan da ƙwallo ta shiga, mai saurare kuma yana bin zanen da yatsa.

Shin ko kun san cewa rediyo ya shigo Najeriya ne ta waya? A farkon shekarun 1930 aka fara ja wa gidaje waya a Legas, ana rataya musu akwatin lasifika mai kawo shirye-shiryen BBC. Wannan tsari ya iso Kano a 1944.

DAGA MAKIRUFO ZUWA MANYAN KUJERU

Shin ko kun san cewa akwai mai sharhin da ya sauko daga ɗakin sharhi ya karɓi ragamar Arsenal? George Allison ɗan jarida ne, shi ya yi wa BBC sharhin wasan ƙarshe na kofin FA a 1927, ranar da Cardiff City ta doke Arsenal 1-0. Bayan rasuwar kocin Arsenal Herbert Chapman a 1934 aka damƙa masa ƙungiyar, ya riƙe ta har 1947. A hannunsa ta lashe gasar Ingila a 1935 da 1938, ta ɗauki kofin FA a 1936.

Shin ko kun san cewa ɗan jarida mai sharhi ne ya kai Brazil gasar cin kofin duniya ta 1970? An naɗa João Saldanha kocin ƙasar a 1969, ya ci dukkan wasanni 6 na neman gurbi. Watanni kaɗan kafin gasar aka sauke shi, Mário Zagallo ya karɓa ya ɗauko kofin a Meziko tare da su Pele.

Shin ko kun san cewa shugaban Amurka na 40 da sharhin wasanni ya fara neman abinci? Ronald Reagan ya yi aiki a tashoshin WOC da WHO na jihar Iowa daga 1932 zuwa 1937. Sau da yawa ba ya filin wasa: ana aiko masa da gajeren bayani ta wayar tangaraho daga Chicago, shi kuma ya gina cikakken hoton wasan da bakinsa. Daga nan ya shiga fim, ya yi gwamnan California, ya mulki Amurka daga 1981 zuwa 1989. Har yau yawancin sharhin ƙwallon Turai da muke ji da Hausa daga ɗakin watsa shiri ake yin sa, mai sharhi yana kallon allon talabijin yana zuba mana bayani.

ABIN DA KE RANSU BAYAN ƘWALLO

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin manyan mawallafan kiɗa na Brazil mai sharhin ƙwallo ne? Ary Barroso ya karanta shari'a, ya ƙware a fiyano, ya tsara waƙar Aquarela do Brasil a 1939. Idan an ci ƙwallo yakan busa wani ɗan ƙaramin abin busa na baki, da haka masu saurare ke gane an zura. Masoyin Flamengo ne na gani-kashe-ni, kuma da ya zama kansila a Rio de Janeiro ya tsaya tsayin daka wajen ganin an gina filin Maracanã.

Shin ko kun san cewa mutumin da ya yi fitaccen sharhin ƙwallon da Maradona ya ci Ingila ranar 22 ga Yunin 1986 ba ɗan Ajantina ba ne? Víctor Hugo Morales haifaffen Uruguay ne, a 1981 ya koma Ajantina da aiki. Bayan ƙwallo babu abin da yake so kamar kiɗan gargajiyar Turai, har ya daɗe yana gabatar da shiri na musamman a kansa a rediyo.

Shin ko kun san cewa John Motson na BBC ya yi sharhin wasanni sama da 2,000, ciki har da gasar cin kofin duniya 10 da wasan ƙarshe na kofin FA 29? Ɗan limamin coci ne, ya fara da aikin jarida, ya shiga rediyon BBC a 1968. Da hannunsa yake rubuta takardar shirin kowane wasa, da alƙaluma masu launi daban-daban, matarsa Anne kuma ita ke riƙe masa littafin ƙididdiga. Ya rasu a Fabrairun 2023 yana da shekara 77.

Shin ko kun san cewa Peter Drury, wanda matasanmu ke yawo da muryarsa a wayoyinsu, ya taɓa zama akanta na ɗan lokaci? Ya ajiye aikin lissafi ya koma jarida, ya shiga gidan rediyon BBC na birnin Leeds a 1990. Tashar gari ce ta raine shi kafin duniya ta san shi.

MURYOYIN NAJERIYA

Shin ko kun san cewa akwai lokacin da gidaje da yawa a ƙasar nan kan rage muryar talabijin su kunna rediyo idan tawagar ƙwallon ƙasa, Green Eagles, na wasa? Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya ake nema. Yana da saurin baki ba tare da kalma ta haɗiye 'yar'uwarta ba, yana da zaɓen kalma, kuma ya san kowane ɗan wasa ciki da bai. A zamaninsa Najeriya ta fara ɗaukar kofin Afirka, ranar 22 ga Maris 1980, da ta ci Aljeriya 3-0 a Legas, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofi ga kyaftin Christian Chukwu. Okonkwo ya rasu a Agustan 1990.

Shin ko kun san cewa laƙabin da Okonkwo ya raɗa wa 'yan wasa sun bi su har tsufa? Shi ya yayata Chairman ga Chukwu, Mathematical ga Odegbami, Chief Justice ga Adokiye Amiesimaka. Bincike ne ya haifi sunayen: Odegbami injiniya ne da ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, Amiesimaka kuma ɗalibin shari'a ne a Jami'ar Legas, wanda daga baya ya zama kwamishinan shari'a na jihar Ribas.

Shin ko kun san cewa shi kansa Odegbami, wanda ya tashi a Jos, ya dawo ya zama ɗan jarida? Bayan ya rataye takalmi ya shiga rubutu a jarida da shirye-shiryen talabijin, ya kafa makarantar da ke haɗa karatu da wasanni a Wasimi, ya kuma buɗe gidan rediyon wasanni mai suna Eagle 7 a jihar Ogun.

Shin ko kun san cewa sai a 1992 aka ba 'yan kasuwa damar mallakar gidan rediyo a Najeriya? A shekarar aka kafa hukumar NBC mai ba da lasisi, a 1994 Raypower ta fara aiki a Legas. Wannan sauyi ne ya buɗe wa ɗaruruwan matasa hanyar zama masu gabatar da wasanni.

Shin ko kun san cewa gidan rediyon farko a ƙasar nan da ya keɓe kansa ga wasanni zalla shi ne Brila FM? Larry Izamoje ya buɗe shi a Legas ranar 1 ga Oktoban 2002, bayan ya yi shekaru yana aikin jarida a Concord. Ilimin zamantakewa ya karanta a jami'a. Daga baya tashar ta buɗe rassa a Abuja da Kaduna da Onitsha.

Shin ko kun san cewa marubuta da masu sharhin wasanni suna da ƙungiyarsu tun 1964? Ita ce SWAN, tana da rassa a jihohi, kuma ta nan sabon shiga ke samun manya da za su nuna masa hanya.

SHARHI DA HARSHEN HAUSA

Shin ko kun san cewa muryar farko da aka ji a Sashen Hausa na BBC ta maƙwabcinmu ce? Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya buɗe shirin na minti 15 ranar 13 ga Maris 1957. Muryar Jamus ta biyo baya a farkon shekarun 1960, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, kuma kowannensu ya ware wa wasanni fili.

Shin ko kun san cewa Rediyon Kaduna, wanda iyayenmu suka tashi da shi, gwamnatin Sardauna ce ta kafa shi a 1962? A 1978 ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Gajeren zangonsa ya kai labarin ƙwallo da dambe da sukuwa ƙauyukan da jarida ba ta taɓa shiga ba.

Shin ko kun san cewa Freedom Radio, wadda ta fara aiki a Disambar 2003, tana cikin tashoshin rediyo masu zaman kansu na farko a Kano? Bayanta tashoshi suka yawaita, gasa ta yi zafi, shirin wasanni na kiran waya ya zama abin da kowace tasha ke taƙama da shi.

Shin ko kun san cewa teburin wasanni kan kai mutum kujerar shugabanci? Aliyu Abdullahi Tanko yana cikin muryoyin da aka saba ji a sharhin gasar Firimiya da Hausa a BBC, daga baya ya zama shugaban sashen baki ɗaya. Abokin aikinsa Mohammed Abdu, wanda aka fi sani da Mamman Skipper, ya haɗa ƙwallon Turai da bin gidajen dambe yana kawo sakamakon turmi-turmi.

Shin ko kun san cewa ƙungiyoyi kan ɗauko masu sharhi su riƙe musu harkar yaɗa labarai? Abubakar Isa Dandago, wanda ya yi suna da sharhin ƙwallo a Arewa Radio ta Kano, da Ismail Abba Tangalashi, suna cikin waɗanda aka naɗa a sashen yaɗa labaran Kano Pillars a 2024.

Shin ko kun san irin tarihin da mai sharhin Arewa ke riƙewa a ka? Dole ya san an kafa Kano Pillars a 1990, ta lashe gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ya san Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Ya san Shehu Abdullahi na Sakkwato ya ciwo tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Ya san Pele ya zo Kaduna a 1978 tare da Fluminense, aka kara da Raccah Rovers ta Kano, aka yi masa ado da babbar riga da hula. Mai saurare ba ya yafe kuskure a irin waɗannan.

FAGEN DAMBE DA KOKAWA

Shin ko kun san cewa tun kafin a ƙera rediyo Bahaushe yana da masu yi masa sharhin wasa? A fagen dambe makaɗi da sanƙira ne ke faɗin sunan ɗan dambe, garinsu, ubangidansa, da mazajen da ya kashe a baya. Da wannan bayani ɗan kallo ke sanin nauyin karon da zai gani. Marigayi Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago da Ɗandunawa har jikokin da ba su ga dambensu ba suna ba da labarinsu.

Shin ko kun san abin da mai kawo rahoton dambe ke buƙatar sani? Turmi uku ake yi, idan hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa, idan aka ƙare ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa. Hannu ɗaya ake naɗewa, ɗayan na kariya ne. 'Yan wasa sun kasu ɓangaren Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma sunaye irin su Shagon wane, Autan wane da Bahagon wane suna nuna gidan da mutum ya fito. Wasa ne da aka san mahauta da shi, lokacinsa kuwa kaka, bayan an kai amfanin gona gida.

Shin ko kun san cewa gasar kokawar Takobi ta Nijar ta faro ne a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin? Jihohi 8 ke turo 'yan kokawa goma-goma. Gidan rediyon Voix du Sahel da talabijin ta ƙasa suna watsa ta kai tsaye da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, har mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suna bi. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin sau 6.

Shin ko kun san cewa dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973? Ashe mai gabatar da shirin da ya ware musu lokaci aikin ƙasa yake yi.

MATA A FAGEN

Shin ko kun san cewa muryar mace ce ta buɗe tashar rediyon farko a Amurka mai wasanni dare da rana? Suzyn Waldman ce ta fara magana a WFAN ta birnin New York ranar 1 ga Yulin 1987. Kafin nan 'yar wasan kwaikwayo ce kuma mawaƙiya.

Shin ko kun san cewa raunin gwiwa ne ya mayar da Jacqui Oatley mai sharhi? Tana buga ƙwallo don sha'awa ta ji ciwo, sai ta bar aikin ofis ta koma makarantar koyon jarida. A Afrilun 2007 ta zama mace ta farko da ta yi sharhi a shirin Match of the Day na BBC.

Shin ko kun san cewa 'yar jaridar wasanni ce ta jagoranci gasar ƙwallon mata ta Najeriya? An naɗa Aisha Falode a 2017. Tawagar mata ta ƙasa kuwa, Super Falcons, sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Yulin 2025, bayan Maroko ta fara cin su 2-0 suka farke suka ci 3-2.

SIRRIN AIKIN

Shin ko kun san cewa babban laifin mai sharhin rediyo shi ne ya daɗe bai faɗi sakamako da minti ba? Kowane lokaci akwai wanda yanzu ya kunna akwatinsa. Red Barber, tsohon mai sharhi a Amurka, yakan ajiye ɗan agogon yashi na minti uku a gabansa, duk sanda yashin ya zube sai ya sake faɗin ci nawa ake.

Shin ko kun san cewa dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne, kuma hukumar IFAB da aka kafa a 1886 ce ke sabunta su? Katin gargaɗi da jan kati sun fara aiki a gasar duniya ta 1970. A 1992 aka hana mai tsaron raga kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. Na'urar taimaka wa alƙalin wasa ta shiga gasar duniya a 2018. Daga 2025, golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 bugun kwana ake ba abokan karawa. Mai sharhin da ya daina karatu, da tsohuwar doka zai yanke wa alƙali hukunci.

Shin ko kun san faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, wurin bugun fenareti mita 11 daga layin raga, katangar 'yan wasa kuma mita 9.15 daga ƙwallo? Da irin wannan awo mai sharhi ke zana fili a zuciyar wanda ba ya gani.

Shin ko kun san dalilin da ya sa lokacin wasan Ingila ke sauyawa a wurinmu? Su ne ke tura agogonsu gaba da baya, namu yana nan daram. Wasan ƙarfe 3 na ranar Asabar a can, ƙarfe 3 ne a nan daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni kuma ƙarfe 4. Manyan wasannin dare na Zakarun Turai su ma suna kaiwa da komowa tsakanin ƙarfe 8 da ƙarfe 9.

Shin ko kun san abin da ya sa tashar Gusau kan yi shashsheƙa a wani ƙauye, amma ta Landan ta fito? Zangon FM a miƙe yake tafiya, dutse da nisa suna tare shi. Gajeren zango sama yake hawa ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita, matsakaicin zango kuma ya fi nisa da dare. Sannan sau da yawa mai rediyo kan riga mai kallo ta intanet jin an ci ƙwallo.

Shin ko kun san cewa masu gabatar da wasanni da yawa a tashoshinmu ba albashi suke jira ba? Wasu sayen lokaci suke yi a tasha, su nemo masu talla su biya. Shi ya sa za ka tarar da malamin makaranta, ko ɗan kasuwa, ko tsohon ɗan wasa, ko alƙalin wasa, yana riƙe da shiri da yamma. Son abin ne ke riƙe da su.

Shin ko kun san cewa kusan kowane mai sharhi yana da ƙungiyar da yake so? Gwani shi ne wanda ɗan Madrid da ɗan Barcelona za su saurare shi su tashi kowa ya gamsu an yi masa adalci. Haka ma labarin sayen 'yan wasa: na kirki ba ya karanta abin da ya tsinta a Facebook sai ya tabbatar da tushensa.

MU DAWO GIDA

Shin ko kun san cewa jihar Zamfara sa'ar zinaren Atlanta ce? Najeriya ta ci Ajantina 3-2 a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ranar 3 ga Agustan 1996, da 'yan Kaduna irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi a tawagar. Ranar 1 ga Oktoban shekarar aka ƙirƙiri jihar daga tsohuwar Sakkwato, da ƙananan hukumomi 14 a yau.

Shin ko kun san cewa Zamfara United ta taɓa buga babbar gasar ƙasa, manyan ƙungiyoyin Najeriya suna zuwa filin tunawa da Sardauna da ke Gusau? Matasa da yawa a yau sun fi sanin benci na Chelsea fiye da wannan tarihi na gidansu.

Shin ko kun tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro? An shafe makonni babu kira babu intanet. A cikin watan Najeriya ta ci Laberiya 2-0 da ƙwallayen Kelechi Iheanacho, ta ci Cape Verde 2-1, Cristiano Ronaldo kuma, bayan komawarsa Manchester United, ya ci Newcastle biyu ranar 11 ga wata. Wanda ba shi da gidan kallo kusa, akwatin rediyo da batir biyu ne suka kai masa labari.

Shin ko kun san cewa mai son koyon aikin ba sai ya yi nisa ba? Akwai sashen koyon aikin jarida a kwalejin Abdu Gusau ta Talatar Mafara, akwai a Jami'ar Bayero ta Kano da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna. A Gusau kuma ga Rediyon Zamfara da Pride FM ta Rediyon Tarayya, inda ɗalibi zai nemi gurbin sanin makamar aiki.

Shin ko kun san cewa ranar 13 ga Fabrairun kowace shekara ce Ranar Rediyo ta Duniya, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta keɓe ta ga rediyo da wasanni? Cikin abin da ta yi kira a kai har da ba wasannin gargajiya da na mata fili.

KIRA GARE MU

Ga masu gidajen rediyonmu: a ware ko da minti goma a kowane shiri ga gasar unguwanni da ta makarantu, da damben kaka, da ƙungiyoyin Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi da Ƙauran Namoda. A adana muryoyin masu sharhi, a nemi tsofaffin 'yan wasa a naɗi tarihinsu tun suna raye, kuma kada a bari shirin wasanni ya zama ƙofar da caca za ta shigo wa yaranmu.

Ga matashin Kucheri ko Wanzamai ko Magazu mai sha'awar wannan aiki: samu littafi ka fara rubuta sakamako da sunaye, karanta dokokin wasa, gyara Hausarka, ka je filin makarantar garinku ka naɗi sharhinka a waya ka saurara ka gyara. Injiniya ya yi, akanta ya yi, lauya ya yi, kai ma za ka iya.

Ku kuma masu saurare, idan kun kira waya ku gaisa da mutunci, ku yi gyara da hujja, ku yaba wa wanda ya yi ƙoƙari. Sai mun haɗu a fili na gaba, Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.